Famfon Tara Singh da Layin Radcliffe

Ko wanda bai taɓa zama ya kalli Gadar daga farko har ƙarshe ba ya san wurin famfo. Ga Tara Singh a tsakiyar taro a Lahor, jama'a sun yi masa zobe, ya kwarma ihu, ya kama famfon ƙarfe da hannu biyu ya tumɓuke shi kamar mai cire rogo, ya hau jibgar mutane da shi. Guntun wurin nan yana yawo cikin wayoyinmu, ana miƙa shi hannu zuwa hannu a fada tsakanin shayi na farko da na biyu. Fim ɗin ya fito a 2001, an yi masa na biyu a 2023, kuma in za mu faɗa wa juna gaskiya, mafi yawan abin da samarin Maradi da Damagaram suka sani game da rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 daga nan suka same shi. A lakwal mun sha taron Barlin da yaƙin duniya har sun ishe mu. Indiya kuwa layi biyu ce cikin darasin samun ƴanci: Gandi da mayafinsa, shi ke nan, a juya shafi.

In hira ta biyo ta kan fim ɗin mukan kasu biyu. Wasu su ce labarin soyayya ne da jarumta, a bar shi haka, kada a shigo da siyasa. Wasu kuma ransu ya ɓaci, su ce an ci mutuncin Musulmi, dama Indiyawa baƙin ciki suke yi don Musulmi sun ƙwaci ƙasarsu. Ni a ganina tuwo ɗaya ɓangarorin biyu suka haɗiya, miya ce ta bambanta. Dukansu sun yarda da shimfiɗar da fim ɗin ya yi ba tare da ya faɗa da baki ba: wai dama can mutane iri biyu ne, dama can ƙasa biyu ce, abin da ya rage a sani kawai shi ne wa ya fi ƙarfi. Wannan shimfiɗar nake so mu ɗaga.

Bari in fara da ba shi haƙƙinsa. Farkon Gadar yana da nauyi. Jirgin ƙasa ya shigo tashar Amritsar daga ɓangaren Pakistan cike da gawawwaki, cikinsu har da iyayen Tara Singh da ƙannensa mata. Shi kuma, direban kamiyo ɗan addinin Sik, ya ɗauki takobi ya shiga cikin masu kashe Musulmin da ke neman jirgin tafiya Lahor. Anil Sharma, mai ba da umarni, bai wanke jaruminsa ba a nan, kuma na yaba masa. Jiragen gawa sun faru da gaske, ta kowane ɓangare. Cikin wannan hargitsi ne Tara ya gane Sakina, ɗiyar wani attajiri Musulmi da ya sani tun tana kwaleji, ya cece ta, suka yi aure, suka haifi ɗa. Bayan shekaru ta gano ubanta Ashraf Ali yana raye, har ya zama magajin garin Lahor. Ta je ganinsa, ya hana ta komowa, Tara ya tsallaka iyaka ba takarda don ya ɗauko matarsa. Sunny Deol ya iya ihu, Amrish Puri ya iya zare ido, waƙoƙin kuma suna shiga jiki. Ba na musun ko ɗaya.

Amma bayan ƴar gabatarwar farko, cikin awa uku fim ɗin ba ya komawa kan tambayar da duk mai hankali zai yi: wa ya ja layin nan da Tara ke tsallakawa, kuma da wane ma'auni?

Sunansa Cyril Radcliffe, lauya ne daga Landan. Bai taɓa taka ƙasar Indiya ba sai ranar 8 ga Yuli 1947, kuma wannan rashin sanin ma aka ɗauka abin yabo, wai ba zai yi son kai ba. Aka ba shi mako biyar ya raba manyan larduna biyu, Panjab a yamma da Bangal a gabas. A kowane lardi an haɗa shi da alƙalai huɗu, biyu jam'iyyar Kwangires ta zaɓa, biyu jam'iyyar Musulmi ta Muslim League ta zaɓa, kuma da yake ba su taɓa yarda da juna a kan abin da ya fi muhimmanci ba, hukunci ya koma hannunsa shi kaɗai. Kayan aikinsa taswira ce da alƙaluman ƙidayar 1941. Umarnin da aka ba shi: ya ware yankunan da Musulmi suka fi yawa daga waɗanda ba su fi yawa ba, ya kuma duba wasu dalilai, ba a ce waɗanne ba. Me ya kawo gaggawar? A Fabrairun 1947 firaminista Attlee ya ce Ingila za ta fita kafin ƙarshen Yunin 1948. Mountbatten, gwamnan ƙarshe, ya iso a Maris, ya duba yadda wuta ke ruruwa, ya jawo ranar baya zuwa 15 ga Agusta 1947. Wata goma aka yanke. Ingila ta fito daga yaƙi ba kuɗi, tana son ta tattara kayanta kafin rufin ya faɗo mata a ka.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki. Radcliffe ya gama aikinsa kafin ranar ƴanci, amma ba a bayyana layin ba sai 17 ga Agusta. Ke nan an yi bikin ƴanci a Karaci ranar 14, an yi a Delhi ranar 15, alhali akwai garuruwan da ba su san tutar da za su ɗaga ba. Ku yi tunani, ƴan'uwa: ka kwana a gidan ubanka, ba ka sani ba ko gobe kai ɗan ƙasa ne ko baƙo. Shi kuwa mai alƙalamin ya ƙona takardunsa, ya ƙi karɓar kuɗin aikin, ya hau jirgi, bai sake komowa Indiya ba har ya mutu. Mutum kusan miliyan 15 suka bar gidajensu. Waɗanda suka mutu, masu tarihi suna sa su tsakanin 200,000 da miliyan 2, kuma faɗin wannan tazarar kaɗai ya isa ya nuna maka ba wanda ya tsaya ƙirga su.

Panjab ba ta rabuwa da wuƙa ɗaya. Musulmi sun haura rabi, Hindu suna bi musu, Sik ba su kai kashi 15 cikin 100 ba kuma suna warwatse ta kowane gefe. Harshe ɗaya suke yi, rijiya da kasuwa ɗaya. Tsakanin Lahor da Amritsar kilomita 50 ne kacal. Layin ya bar Nankana Sahib, inda aka haifi Guru Nanak wanda ya kafa addinin Sik, cikin Pakistan. Ya ratsa manyan hanyoyin ban ruwa da Turawa suka haƙa, ya bar bakin madatsa a wata ƙasa, gonakin a wata. A Afrilun 1948 ɓangaren Indiya ya rufe ruwan da ke gangarawa wajen Lahor na wasu makonni, kuma sai a 1960 aka sa hannu kan yarjejeniyar rabon kogunan. In ana neman famfon da aka tumɓuke a Lahor da gaske, to ga shi nan, kuma ba ƙarfin damtse ya yi aikin ba.

Ba a 1947 aka fara wannan lissafi ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 Turawan Ingila ke ƙidaya mutane kowace shekara goma, kowa a cusa shi cikin akwatin addininsa. A 1905 gwamna Curzon ya raba Bangal gida biyu, gabas mai rinjayen Musulmi, yamma mai rinjayen Hindu; jama'a suka yi ta bore har aka soke rabon a 1911. A 1909 aka kawo dokar zaɓe ta daban: Musulmi su zaɓi Musulmi a kujerun da aka ware musu. Daga ranar nan, ɗan siyasar da ke son kujera ba ya bukatar ya roƙi maƙwabcinsa mai wani addini. Ba ina cewa Bature ne ya ƙirƙiro saɓani tsakanin Hindu da Musulmi ba. Akwai shi, akwai ƙyama ta abinci da ta aure, akwai rigimar yanka saniya da ta kiɗa a ƙofar masallaci. Abin da mulkin mallaka ya yi shi ne ya mai da addini ma'aunin rabon kujera da aiki da iko, har ya zama ma'aunin rabon ƙasa.

Mu nan mun san layi. Wanda ya raba mu da Najeriya a teburin Ingila da Faransa aka ja shi, daga 1890 aka yi ta gyara shi har 1906, wani gyaran ma don Faransawa su samu hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Shi ya bar Katsina can, ya bar mai sarautar Sarkin Katsina nan Maradi. Mun ɗanɗana ɗacinsa da aka rufe iyaka a 2019, muka sake ɗanɗanawa a 2023. Amma layinmu, duk da rashin kunyarsa, bai tambayi kowa me yake bauta wa ba. Kakar da ke Jibiya ta ci gaba da zama a Jibiya, jikanta na Ɗan Isa ya ci gaba da kai mata goro. Layin Radcliffe da addini aka auna shi, saboda haka duk wanda ya wayi gari a ɓangaren da ba na addininsa ba ya zama kuskuren lissafi. Kuskure kuwa gyara shi ake yi: ko ya tashi, ko ya tuba, ko a kashe shi.

Yanzu mu koma tashar Amritsar mu sake kallon yadda Tara ya ceci Sakina. Masu kisa sun taso mata don ita Musulma ce. Me ya yi? Ya shafa jininsa a goshinta, kamar jan garin nan da matan aure ke sawa a tsagar kai, ya ce yanzu ta zama tasu. Masu kisa suka ja baya. A gidan kallo nan ne ake tafi. Ni kuwa nan ne nake jin sanyi a jiki. Bai ce musu ba a kashe mutum don addininsa ba. Ya yarda da dokarsu, sai dai ya canza mata akwati. Aikin Radcliffe ya yi, da jini maimakon tawada. Daga nan har ƙarshen fim Sakina kaya ce da ake ja tsakanin maza biyu, miji da uba, Indiya da Pakistan. Tana kuka, tana waƙa, tana suma. Ameesha Patel ta yi iya abin da aka ba ta, sai dai ba a ba ta komai ba. Ko harsashin ƙarshe ma, wanda ubanta ya harba ya same ta, amfaninsa a labarin shi ne ya sa uban ya yi nadama ya rungumi surukinsa.

Abin haushin shi ne labarin gaskiya da aka ce daga shi aka ɗebo Gadar ya fi fim ɗin ƙarfi nesa ba kusa ba. Boota Singh tsohon soja ne ɗan Sik, ya ceci wata yarinya Musulma mai suna Zainab lokacin rikicin, ya aure ta, suka haihu. A wancan lokaci an sace mata da ake ƙiyasta yawansu tsakanin 75,000 da 100,000, ta kowane ɓangare. Gwamnatocin biyu suka yi yarjejeniya a ƙarshen 1947 cewa za a nemo su a mayar da kowace ƙasar addininta, Indiya ta yi doka a kai a 1949, kuma an mayar da kusan 30,000. Da yawa sun yi murna, don daga hannun azzalumai aka ƙwato su. Amma dokar ba ta tambayar mace me take so. Wadda ta riga ta zauna, ta haihu, ta san in ta koma danginta ba za su karɓe ta ba, ita ma a sa ta mota. Haka aka ɗauke Zainab. Boota Singh ya musulunta, ya bi ta Pakistan, aka kai magana gaban alƙali a Lahor, ita kuma, danginta na tsaye a kanta, ta ce ba za ta bi shi ba. A 1957 ya faɗa gaban jirgin ƙasa. A Lahor aka binne shi.

Kun ga abin da aka yi? An ɗauki labarin mutumin da layi ya niƙe, da matar da aka raba da gidanta sau biyu, an mai da shi labarin ƙato ɗaya da ya fi ƙarfin sojan ƙasa guda. Kuma lokacin da aka yi shi ba a ɓoye yake ba: shekara biyu bayan yaƙin Kargil na 1999 tsakanin ƙasashen biyu. Wurin famfon ma ku duba yadda aka gina shi. Ashraf Ali ya gindaya wa Tara sharaɗi ya musulunta, ya yarda. Ya yi wa Pakistan kirari, ya yi. Sai da aka ce ya la'anci Indiya ya haukace. Ma'ana jarrabawar mutumin kirki a fim ɗin biyayya ce ga tuta. Wa ake yi wa wannan jarrabawa kullum a Indiya? Musulmin da bai tashi ba. Shi ne Gadar ba ya tsayawa a kansa, kamar duk Musulmin ƙasar sun hau jirgin Lahor.

To, ku kuma masu cewa ai Musulmi sun ƙwaci ƙasarsu, ku matso, da ku nake. Waɗanne Musulmi? Ƙidayar 1951 ta samu Musulmi kusan miliyan 35 cikin Indiya, ta 2011 ta samu miliyan 172. Waɗannan rabuwar ba ta ba su ƙasa ba. Ta rage musu yawa da murya, ta kwashe musu da yawa cikin masu ilimi da masu dukiya, ta bar su da tuhuma a wuya. Kuma kada ku ɗauka malamai ne suka ja tafiyar. Husain Ahmad Madani na makarantar Deoband da ƙungiyar malamai ta Jam'iyyat Ulama-i-Hind sun yi adawa da raba ƙasa. Abul Kalam Azad, mai tafsirin Alƙur'ani, shi ne shugaban Kwangires daga 1940 zuwa 1946. Abdul Gaffar Khan na ƙasar Pashtun ya ƙi rabuwar har ƙarshe. Jinna kuwa, uban Pakistan, lauya ne mai kwat da ya yi karatu a Landan, kuma a jawabinsa na 11 ga Agusta 1947 ya gaya wa majalisa cewa addinin mutum ba ruwansa da harkar gwamnati. Har yau ƴan Pakistan na gardama kan abin da yake nufi.

Ba na raina tsoron da ya haifi Pakistan. Tsiraru ne cikin ƙasar da ƙuri'a za ta yi hukunci, kuma a ɗaya ɓangaren akwai irin su Savarkar da su ma suke cewa Hindu da Musulmi al'umma biyu ce. A 1946 an kawo tsarin da zai bar Indiya ɗaya da larduna masu ƙarfi, Jinna ya karɓa, Nehru ya yi maganar da ta nuna Kwangires ba ta ɗaure kanta da shi ba, tsarin ya rushe. Ranar 16 ga Agusta 1946 League ta kira ranar nuna ƙarfi, Kalkata ta kama da wuta, dubbai suka mutu cikin kwana kaɗan. Laifi ya ishi kowa. Amma in addini kaɗai yana riƙe ƙasa, me ya faru da Bangal? An haɗa ta da Pakistan ta yamma alhali akwai kilomita 1,600 na ƙasar Indiya a tsakaninsu. A 1948 Jinna ya je Daka ya ce Urdu kaɗai ne harshen ƙasa. Ranar 21 ga Fabrairu 1952 ƴan sanda suka harbe ɗalibai masu neman a girmama harshen Bangali. Ranar nan ce yau duniya ke kira ranar harshen uwa, mu masu rubutu da Hausa ya kamata mu san asalinta. A zaɓen 1970 jam'iyyar Awami ta gabas ta ci rinjaye, aka hana ta mulki, soja suka shiga kisa, Musulmi na kashe Musulmi, a Disambar 1971 aka haifi Bangaladash. Shekara 24 ke nan da ma'aunin Radcliffe.

Akwai fim ɗin da ya kalli duk wannan ido cikin ido, sai dai ba ya yawo a wayoyinmu. Sunansa Garam Hawa, wato iska mai zafi, M. S. Sathyu ya yi shi a 1973 daga wani labari na marubuciya Ismat Chughtai. Ba jirgin gawa a cikinsa, ba takobi. Salim Mirza dattijo ne mai masana'antar takalma a Agra, nesa da iyaka, ya ce shi ba inda za shi. Yayansa Halim, ɗan siyasar League da ya sha rantsuwa a bainar jama'a cewa ba zai bar Musulmin Indiya ba, ya sulale ya tafi Pakistan. Gidan gado kuwa da sunan Halim aka rubuta shi, don haka hukuma ta ce dukiyar wanda ya yi ƙaura ce, ta karɓe. Salim ya je banki neman rance, aka hana shi: in ya gudu gobe fa, wa zai biya? Ya je wajen masu ba da bashi, amsa ɗaya. Ya nemi gidan haya, ana jin sunansa sai a rufe ƙofa. Ɗansa Sikandar ya gama jami'a, duk inda ya je neman aiki sai a nuna masa hanyar Pakistan. Daga baya ma aka tuhumi dattijon da leƙen asiri. Kotu ta wanke shi, amma kasuwa ba ta wanke shi ba.

Wannan ita ce rabuwar da ba ta ƙare ranar 17 ga Agusta ba, wadda ke shigowa ta takardar gida da tagar banki. Kowane lokaci kaɗan Salim na tashar jirgi yana ɗaga wa wani hannu, sannan ya hau keken doki ya koma gida shi kaɗai. Balraj Sahni, wanda ya fito a Salim, ba ya ɗaga murya. Yana tafiya da sandarsa, kafaɗa na ƙara sauka daga wannan fage zuwa wancan, kuma wallahi wannan saukar kafaɗa ta fi famfo goma nauyi. Shi kansa Hindu ne haifaffen Rawalpindi, garin da ya faɗa Pakistan. Ya san abin da yake wasa da shi. Ya rasu a 1973, jim kaɗan bayan ya gama sa muryarsa a fim ɗin, bai ga fitowarsa ba, don hukumar tace fina-finai ta riƙe shi watanni tana tsoron fitina. Dama masana'antar fim ta Bombay cike take da irin waɗannan: Raj Kapoor da Dilip Kumar dukansu a Peshawar aka haife su, kuma sunan Dilip Kumar na yanka Yusuf Khan ne.

Ba zan ce Garam Hawa ba shi da aibi ba. Yana tafiya a hankali, wanda ya saba da faɗa kowane minti goma zai yi hamma. Amina, ɗiyar Salim, ta fi Sakina rai nesa: tana da dariya, tana da so, tana da fushi. Masoyinta na farko, Kazim ɗan Halim, ya komo daga Pakistan don ya aure ta, ƴan sanda suka kama shi don ba shi da takardar shiga, aka mayar da shi. Na biyu ya tafi ya auri wata. Amma a ƙarshe ita ma an kashe ta, ta yanke jijiyar hannunta, kuma mutuwarta ta zama wani nauyi da aka ƙara wa uban. Ko a fim mai gaskiya, mace ce ke biyan kuɗin darasin. Rufewar ma ta yi mini sauƙi da yawa. Salim ya gaji, ya ɗaure kaya, suna kan hanyar tasha sai suka ci karo da zanga-zangar masu neman aiki da abinci, Hindu da Musulmi tare. Sikandar ya sauka ya shiga, uban ma ya bi. Masu fim ɗin ƴan ra'ayin gurguzu ne, kuma a nan ra'ayin ya rinjayi labarin. Shiga jerin gwano ba ya maido da gidan gado, ba ya sa banki ya buɗe taga gobe da safe.

Wurin da nake komawa kullum ba shi ne wannan ba. Tsohuwar uwar Salim ce. Ranar da za a bar gidan gado ta ɓuya cikin wani lungu, ta ce ita nan aka kawo ta amarya, ba mai fitar da ita. Sai ɗaukarta aka yi. A gidan haya ta zaɓi ɗakin sama, don daga can tana hango rufin tsohon gidan. Ba ta san Radcliffe ba, ba ta san ƙidayar 1941 ba, Pakistan a wajenta wani wuri ne da ke cinye mata ƴaƴa. Da ciwon ajali ya kama ta, aka sa ta cikin abin ɗaukar amare aka mayar da ita gidan don ta cika a can. Wanda ya buɗe musu ƙofa shi ne sabon mai gidan, Ajmani, ɗan kasuwa Hindu da ya gudo daga Sind ya bar nasa gidan a can. A. K. Hangal ne ya fito a Ajmani, mutumin da ya tashi a Peshawar, ya zauna Karaci, ya yi zaman kurkuku a Pakistan bayan rabuwa saboda siyasarsa, sai a 1949 ya iso Bombay.